Idan Maslaha Ce Kaɗai, Me Ya Hana Amurka Shiryawa da Kyuba?

Tambaya: Malam, kullum ana gaya mana cewa manyan ƙasashe ba su da aboki na dindindin, ba su da abokin gaba na dindindin, maslaharsu kawai suke bi. To in haka ne, wace riba Amurka ke ci a takunkumin da ta ƙaƙaba wa Kyuba sama da shekara 60? Kuma me ya sa Sin take nuna a shirye take ta yi asarar kasuwancinta a kan tsibirin Taiwan?

Amsa: Ɗan'uwa, maganar da ka kawo tana da asali. Lord Palmerston, ministan harkokin wajen Birtaniya, ya faɗi makamanciyarta a gaban majalisar dokokin ƙasarsa a 1848, kuma har yau jami'an diflomasiyya na son maimaita ta. Gaskiya ce, amma ba ta cika ba, domin ba ta gaya mana wanda ke yanke cewa wannan maslaha ce, wancan ba ita ba ce. Ƙasa ba ta da baki, mutane ne ke magana da yawunta. Mutanen nan kuwa suna da zaɓen da suke so su ci, ko jam'iyyar da suke tsoron ta juya musu baya, ko hafsoshin sojan da suke lallaɓawa. Sun kuma tashi da wani labari game da ƙasarsu wanda aka koya musu tun suna firamare: mu su wane ne, wa ya zalunce mu, me aka ƙwace mana, me ba za mu sake yarda a yi mana ba. Wannan labarin shi ke shata iyakar abin da shugaba zai iya sarayarwa a teburin sulhu, siyasar cikin gida kuma ita ke fito da wanda zai hukunta shi in ya ƙetare iyakar.

Mu ɗauki Kyuba da ka ambata, mu ajiye ta kusa da Biyetnam. A yaƙin Biyetnam Amurka ta rasa sojoji sama da 58,000. Ta janye dakarunta a 1973, birnin Saigon, hedikwatar Biyetnam ta Kudu da Amurka ta mara wa baya, ya faɗi a 1975, kuma jam'iyyar Kwaminis da ta yaƙa ita ce ke mulki har gobe. Duk da haka Shugaba Bill Clinton ya ɗage takunkumin kasuwanci a Fabrairun 1994, ya maido da hulɗar jakadanci a Yulin 1995. Yau Amurka ce babbar kasuwar kayan da Biyetnam ke fitarwa. Kyuba ba ta taɓa yi wa Amurka ɓarnar da ta kai ko kusa da wannan ba. Shugaba Eisenhower ya fara takunkumin a 1960 bayan gwamnatin Fidel Castro ta ƙwace kadarorin kamfanonin Amurka, Shugaba Kennedy ya cika shi a Fabrairun 1962. A wancan lokacin akwai hujjar tsaro mai ƙarfi, domin a Oktobar 1962 aka gano Tarayyar Sobiyet ta girke makamai masu linzami na nukiliya a tsibirin, nisan kilomita 145 kacal daga gaɓar Amurka. Amma Sobiyet ta wargaje a 1991, tallafinta ya yanke, tattalin arzikin Kyuba ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Barazanar ta gushe. Mai bin lissafin maslaha zalla zai ce lokacin sassauci ya yi. Sai ga shi a 1992 aka ƙara ɗaure takunkumin, a 1996 aka sake ƙara masa igiya.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma tsamin nan a birnin Miami yake. Dubban ɗaruruwan 'yan Kyuba da suka gudu bayan juyin juya halin 1959 a kudancin jihar Fulorida suka taru. Da yawansu sun baro gidaje da gonaki da shaguna, wasu an ɗaure musu 'yan'uwa, wasu an harbe musu iyaye. Baƙin cikinsu na gaske ne, ba na son kowa ya raina shi. Suka zama 'yan ƙasa, suka yi rajistar zaɓe, a 1981 kuma Jorge Mas Canosa da abokansa suka kafa ƙungiyar matsa wa 'yan majalisa lamba. A tsarin zaɓen shugaban Amurka, wanda ya ci kusan kowace jiha, ko da ratar ƙuri'a ɗaya ce, shi ke kwashe dukkan wakilanta masu zaɓen shugaban ƙasa. Fulorida jiha ce babba, kuma shekaru da dama ba a san inda za ta faɗa ba sai an ƙirga. Ka ga ke nan al'umma 'yar ƙarama a lissafin ƙasa ta zama tana riƙe da mabuɗin fadar White House.

Dubi yadda abin ya riƙa faruwa. A Afrilun 1992 Clinton, yana ɗan takara, ya je Miami ya ce yana goyon bayan ƙudurin tsananta takunkumi. Shugaba George Bush babba, wanda gwamnatinsa ta nuna ɗari-ɗari da ƙudurin tun farko, ya ga za a sha gabansa, shi ma ya rungume shi, ya sa masa hannu a Oktoba, a Miami, saura 'yan kwanaki a kaɗa ƙuri'a. A Fabrairun 1996 jiragen yaƙin Kyuba suka harbo ƙananan jirage biyu na wata ƙungiyar 'yan gudun hijira, mutum 4 suka mutu. Clinton da ke adawa da dokar Helms da Burton, mai ƙara tsananta takunkumin, ya yi amai ya lashe, ya sa mata hannu a Maris, shekarar zaɓe ce, kuma a Nuwamba ya ci Fulorida. Wannan dokar ita ce babban ƙulli. Kafin ta, takunkumin umarnin shugaban ƙasa ne, wani shugaban zai iya soke shi da alƙalami. Bayan ta ya zama doka, sai majalisa ta yarda. Sai kuma shekarar 2000, lokacin da jami'an gwamnatin tarayya ɗauke da bindigogi suka kutsa wani gida a Miami suka ɗauke Elián González, yaro ɗan shekara 6 da mahaifiyarsa ta nutse a teku a hanyar tserewa, suka miƙa shi ga mahaifinsa da ke son komawa da shi Kyuba. A Nuwamban shekarar Al Gore, mataimakin Clinton da ke takarar shugaban ƙasa, ya rasa Fulorida da ƙuri'a 537, da ita ya rasa shugabancin ƙasa. Dalilan faɗuwarsa suna da yawa, amma darasin da 'yan siyasar Amurka suka ɗauka guda ɗaya ne, kada ka taɓa Miami.

To me ya sa Biyetnam ba ta zama haka ba, alhali akwai 'yan gudun hijirarta da yawa a Amurka, kuma su ma sun yi adawa da sulhun? Mafi yawansu suna Kalifoniya da Tekzas, jihohin da ba ƙuri'arsu ce ke yanke hukunci ba. Na biyu, an sami wanda zai tsaya wa Clinton. Shi bai je yaƙin ba, kuma an daɗe ana yi masa gori a kai, don haka shi kaɗai ba zai iya ba. Sanata John McCain na jam'iyyar adawa, wanda aka harbo jirginsa a 1967 ya yi sama da shekara 5 yana fursunan yaƙi a Hanoi, aka azabtar da shi har ya kasa ɗaga hannuwansa sama da kafaɗa har ƙarshen rayuwarsa, shi ne ya fito ya ce lokacin shiryawa ya yi. Wa zai kalli wannan mutumin ya ce ya ci amanar 'yan mazan jiya? Kusan duk inda ka ga babbar ƙasa ta yi kwana mai wuya, in ka duba za ka tarar da irin wannan mutumin a gaba. Shugaba Richard Nixon ya yi suna da farautar 'yan Kwaminis, shi ya sa ya iya sauka a Beijin a Fabrairun 1972 ba tare da an kira shi maci amana ba.

Kada a ɗora komai a kan lissafin ƙuri'a. 'Yan Miami sun yi nasara ne saboda buƙatarsu ta zauna daram a cikin yadda Amurka ke kallon kanta. Tun 1823 Shugaba Monroe ya shelanta cewa nahiyar Amurka ba wurin shigar Turawan mulkin mallaka ba ne. A 1898 Amurka ta kori Sifaniya daga Kyuba, a 1901 ta tilasta a rubuta mata 'yancin tsoma baki cikin tsarin mulkin tsibirin, a 1903 ta karɓi hayar Guwantanamo da take riƙe da shi har yanzu. Ƙasar da ta saba ganin tsibirin a matsayin bayan gidanta, kuma take ɗaukar kanta jagorar 'yanci a duniya, ba ta jin daɗin ganin gwamnatin da ta yi mata kunnen uwar shegu tana nan daram. Tun 1992 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ke kaɗa ƙuri'a kusan kowace shekara yana neman a ɗage takunkumin, yawanci ƙasashe sama da 180 a gefe guda, Amurka da Isra'ila a ɗaya gefen. Wannan bai taɓa kayar da ko ɗan majalisa ɗaya a zaɓe ba, don haka bai canza komai ba. Abin da ya iya huda takunkumin shi ne wata ƙungiyar cikin gida: manoman Amurka da ke son kasuwa suka matsa, a 2000 majalisa ta ba da izinin sayar wa Kyuba kayan gona, da sharaɗin ta biya kuɗi hannu.

Masanin siyasa Robert Putnam ya bayyana wannan a 1988 da cewa shugaba a tebur biyu yake ciniki lokaci guda, ɗaya da baƙi, ɗaya da mutanen gida, kuma yarjejeniyar da ba ta wuce tebur na biyu ba ba ta ƙullu ba. A Amurka teburin gida yana da tsauri ƙwarai, domin tsarin mulki ya ce sai kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa sun amince da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa. Shugaba Woodrow Wilson shi ya kawo shawarar kafa Majalisar Ƙawancen Ƙasashe bayan yaƙin duniya na farko, amma dattawan ƙasarsa suka ƙi, a 1919 da kuma 1920, Amurka ba ta taɓa shiga ba. Shugabannin baya-bayan nan sukan kauce wa majalisar, su ƙulla yarjejeniya da ikon ofishinsu kawai. Haka Obama ya yi da yarjejeniyar nukiliyar Iran a 2015, haka ya yi da Kyuba lokacin da ya sake buɗe ofishin jakadanci a 2015 ya ziyarci Habana, babban birnin Kyuba, a 2016. Abin da alƙalami ɗaya ya rubuta kuwa alƙalami ɗaya ke gogewa. Trump ya sanar da janye sassaucin Kyuba a Yunin 2017, a Miami, ya fice daga yarjejeniyar Iran a Mayun 2018. Wannan yana damuna matuƙa, domin ƙasar da sa hannunta ba ya wuce shekara 4 tana koya wa kowa cewa sulhu da ita kasada ce, kuma masu tsattsauran ra'ayi na ɗaya ɓangaren su ke cin ribar hakan.

Za ka ce to Sin fa, ai can babu irin wannan zaɓen. Haka ne, amma rashin zaɓe bai kawar da teburin gida ba, ya dai sauya masu zama a kansa. Jam'iyyar Kwaminis ta Sin tana kafa haƙƙinta na mulki a kan abu biyu: ta fitar da jama'a daga talauci, kuma ta kawo ƙarshen abin da kowane ɗan makaranta a can ya sani da sunan ƙarnin wulaƙanci. Labarin ya fara daga 1839, lokacin da Birtaniya ta yaƙi Sin don ta tilasta mata karɓar ƙwayar ofiyom, ta ƙwace Hon Kon a yarjejeniyar Nanjin ta 1842. A 1860 sojojin Birtaniya da Faransa suka wawashe tsohuwar fadar bazara ta sarki a Beijin, aka kuma cinna mata wuta, kangonta yana nan ana kai ɗalibai su gani. A 1895 Japan ta ci Sin da yaƙi ta karɓe Taiwan. A 1919 manyan ƙasashe da suka taru a Faris suka miƙa wa Japan haƙƙoƙin da Jamus ke da su a lardin Shandon, maimakon su mayar wa Sin da ta tura ma'aikata dubbai don taimaka musu a yaƙin. Ranar 4 ga Mayu ɗalibai suka fantsama titunan Beijin, zanga-zangar ta bazu, wakilan Sin suka ƙi sa hannu a yarjejeniyar. A Disambar 1937 kuma aka yi kisan kiyashin Nanjin. Duk waɗannan abubuwa sun faru, ba ƙirƙira ba ce. A cikin wannan labarin Taiwan ita ce yanki na ƙarshe da bai dawo ba, tun da Chiang Kai-shek, shugaban Sin da 'yan Kwaminis suka kayar a yaƙin basasa, ya tsere can da gwamnatinsa a 1949.

Sai dai ga abin da mutane da yawa ba sa lura da shi. Tarihin tsoho ne, amma zafinsa yana hawa yana sauka daidai da buƙatar masu mulki. A 1972 shugaban Sin Mao da firaministansa Zhou Enlai suna neman abokai saboda tsoron Sobiyet, sai suka ƙulla hulɗa da Japan, suka yafe mata diyyar yaƙi baki ɗaya. A 1978 Deng Xiaoping, ɗaya daga cikin manyan shugabannin Sin, ya je Tokiyo yana neman jari da fasaha, aka tambaye shi batun tsibiran da Sin ke kira Diaoyu, Japan ke kira Senkaku, ya ce a bar wa 'yan baya su warware. A zamanin Mao littattafan makaranta sun fi ba da ƙarfi ga gwagwarmayar talaka da masu dukiya da kuma nasarar juyin juya hali. Bayan murƙushe zanga-zangar dandalin Tiananmen a 1989 da rushewar Sobiyet, jam'iyya ta ga aƙidar gurguzu ta daina riƙe matasa, sai ta ƙaddamar da gangamin koyar da kishin ƙasa a farkon shekarun 1990. Aka sake rubuta littattafan tarihi, aka gina gidajen tarihi, aka cika talabijin da wasannin yaƙi da Japan. A Nuwamban 2012, makonni biyu da zamansa shugaban jam'iyya, Xi Jinping ya kai manyan abokan aikinsa gidan tarihi na ƙasa, wurin baje kolin da ke ba da wannan labari tun daga yaƙin ofiyom, kuma a nan ya fara maganar mafarkin farfaɗo da Sin.

Wanda ya raini irin wannan kishin ba koyaushe yake iya juya shi ba. A Mayun 1999 jiragen Amurka suka jefa bam a ofishin jakadancin Sin a Belgired, 'yan jarida 3 suka mutu. Amurka ta ce kuskure ne, kusan babu wanda ya yarda a Sin, masu zanga-zanga suka yi ta jifan ofishin jakadancin Amurka a Beijin har jakadan ya yi kwanaki bai iya fita ba. A Satumbar 2012 gwamnatin Japan ta sayi uku daga cikin tsibiran nan daga hannun iyalin da ke riƙe da su, sai zanga-zanga ta ɓarke a birane da dama, aka ƙona masana'antu da shagunan Japanawa, aka farfasa motoci. A birnin Xi'an wani matashi ya rotsa kan wani mutum da ƙarfen kulle babur, ya bar shi da shanyewar ɓarin jiki. Mutumin ɗan Sin ne kamarsa, laifinsa kawai yana tuƙa Toyota. Bayan 'yan kwanaki gwamnati ta tsayar da abin ta kama mutane. Masu kishin nan sun zame mata ƙadangaren bakin tulu: in ta murƙushe su za a ce ta goyi bayan baƙi, in ta bar su wata rana fushin zai juyo kanta. An sake gani a Agustan 2022 da Nancy Pelosi, kakakin Majalisar Wakilan Amurka ta lokacin, ta sauka a Taiwan. Kafofin da ke kusa da gwamnati sun yi ta cika baki kafin zuwanta, da jirginta ya sauka lafiya sai shafukan sada zumunta na Sin suka cika da masu jin kunya da takaici. Atisayen soja mai girma da ya biyo baya, har da harba makamai masu linzami ta saman tsibirin, saƙo ne ga Washinton da Taipei, babban birnin Taiwan, amma na tabbata mutanen gida ma ana so su gani.

Ba na cewa Taiwan ba ta da amfanin tsaro. Tana tsakiyar jerin tsibiran da suka tare wa rundunar ruwan Sin hanyar fita babban tekun Fasifik, kuma kamfaninta TSMC ne ke ƙera mafi yawan ƙwaƙwalwar kwamfuta mafi inganci a duniya. Amma abin da ke kan lissafin riba ana iya cinikinsa, a ba ka wani abu ka haƙura. Abin da aka mayar da shi ma'aunin mutuncin ƙasa, har aka yi masa doka a 2005 da ta halatta amfani da ƙarfi in tsibirin ya ɓalle, ba shugaban da zai sarayar da shi ya kwana a kan kujerarsa.

Shin irin wannan labari yana canzawa? Yana canzawa, amma da tsada. Faransa ta ɗauki Aljeriya a matsayin wani yanki na jikinta tun 1848, Turawa kusan miliyan ɗaya na zaune a can. Sai da aka yi yaƙin kusan shekara 8, jamhuriya ta huɗu ta rushe, sannan Janar de Gaulle, gwarzon yaƙin duniya na biyu wanda masu son riƙe Aljeriya suka taimaka ya dawo mulki a 1958, ya sa aka ƙulla yarjejeniyar Evian a Maris 1962. A Agustan shekarar aka buɗe wa motarsa wuta, da kyar ya sha. Jamus ma bayan 1945 ta gina kanta a kan ƙyamar yaƙi, har shugaban gwamnatinta Gerhard Schröder ya ci zaɓen 2002 da taimakon ƙin shiga yaƙin Iraƙi, har a Janairun 2022 abin da ta iya yi wa Yukren tayi shi ne hulunan kwano 5,000. Kwana 3 bayan Rasha ta kutsa Yukren, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin Olaf Scholz ya tsaya a majalisa ya sanar da Yuro biliyan 100 don sake gina soja.

A kan Kyuba, abin da ya haifi takunkumin ya sauya amma takunkumin bai motsa ba. Fidel Castro ya mutu a 2016. Fulorida ta daina zama jihar da ake kai ruwa rana a kanta, ta karkata ga jam'iyyar Rifablikan, wanda a lissafi ya kamata ya saki hannun 'yan Dimokurat. Amma dokar 1996 tana nan, soke ta na buƙatar majalisa, kuma babu ɗan majalisar da zai ci wata riba in ya ɗauki wannan faɗan. A Janairun 2025 Marco Rubio, ɗan 'yan ci-ranin Kyuba haifaffen Miami, ya zama sakataren harkokin waje. Talakan Habana da ke layin magani shi ke biyan kuɗin, tsakanin takunkumin waje da gazawar gwamnatinsa.

Taiwan ta fi tayar mini da hankali, domin can labari biyu ne ke girma, kowanne yana nesanta daga ɗan'uwansa. Tun da tsibirin ya fara zaɓen shugabansa kai tsaye a 1996, shi ma ya sami nasa teburin gida. Binciken jin ra'ayi da jami'ar Chengchi ke yi a kai a kai ya nuna cewa a 1992 ƙasa da kashi 20 cikin 100 na mazauna tsibirin ne ke kiran kansu 'yan Taiwan zalla, a shekarun nan kuwa sun haura kashi 60. Zanga-zangar da aka yi a Hon Kon a 2019 da dokar tsaron da Beijin ta ƙaƙaba mata a 2020 sun kashe kasuwar tayin ƙasa ɗaya mai tsari biyu, wato Taiwan ta koma ƙarƙashin Sin amma ta riƙe nata tsarin, har jam'iyyar Kuomintang ta Taiwan da ta fi kusa da Beijin ta fito ta ce ba ta yarda da shi ba. Yanzu ɗan takarar da ya karɓi wannan tayin a Taipei ba zai ci zaɓe ba, shugaban da ya janye shi a Beijin kuma zai fuskanci matasan da jam'iyyarsa ta shafe shekara 30 tana koya musu cewa ƙasar ba ta cika ba sai da tsibirin.